Ruwan da Kawu Ya Ƙara

Duk ranar Litinin nakan je bayan garejin makanikai in auna rijiyar gwaji. Siririn bututu ne mai murfin ƙarfe. Ba a ɗiban ruwa a cikinsa, aikinsa kawai ya nuna inda ruwan ƙasa ya tsaya. Sai in zura igiyar awo, in kanta ya taɓa ruwa ta yi ƙara, in karanta lambar in rubuta. Wata huɗu ke nan ruwan yana ja da baya. Injiniyar ofishinmu ta ce da zarar nisansa daga sama ya wuce mita talatin, za a riƙa rufe famfon unguwarmu kwana uku a mako.

Makon jiya ya kai ashirin da tara da rabi.

Yau igiyar ta yi ƙara a mita goma sha ɗaya. Na zaci ta lalace. Da na jawo ta, sai ga ta baƙa ƙirin tana yauƙi, da gashi nannaɗe a kanta. Wari ya doke ni, na juya na tofar da yawu.

Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ke gadin wurin, makullin murfin yana hannunsa. Yana kan benci yana murmushi.

"Ya ka gani, ɗana? Ruwa ya dawo ko?"

"Kawu, me aka zuba a nan?"

"Kai dai rubuta abin da igiyarka ta faɗa. Ai ba ta ƙarya."

Na tsaya ina kallonsa. Kawu ba ya jure shiru.

"Jarka takwas ne kacal, na ruwan kwatar gareji. To na famfo zan zuba, wanda muke tattali? So kake uwarka ta riƙa yawo da bokiti da wannan gwiwar tata?"

"Kawu, bututun nan da famfon, ruwa ɗaya suke sha a ƙasa. Taku arba'in ne tsakaninsu."

Murmushin ya gushe. Ya dubi kofin ruwan da ke gefensa, ya ture shi da ƙafa.

Sau uku na wanke igiyar da sabulu, warin bai fita ba. Na kira injiniya. Kafin azahar an ɗaure famfon da sarƙa, ba ranar buɗewa sai an gwada ruwan.

Da la'asar na fito zan ɗebo wa mahaifiyata ruwa a unguwar gaba. Kawu ya biyo ni da jarkoki biyu.

"Ƙara da waɗannan, sun fi naku girma."

Na sunsuna bakin ɗaya daga cikinsu, na ji warin nan na kwata, na ajiye masa su a gabansa.