Shingen Rahaina

Maganar ta taso ne daga Kabara, bayan dangin amarya sun zo ganin ɗaki. Aka ce bishiyar nan da ke tsakar gidan Malama Kulu a Sheshe tana hana haihuwa. Macen da ta yi damina guda tana shan inuwarta, sai dai ta ga goyo a bayan wasu. Kuma ba da baki kaɗai ake faɗa ba, har da shaida. Wani ya je lambun itatuwa na wata kwaleji a bayan gari, ya ɗauko hoton irin bishiyar sak, an kewaye ta da shingen ƙarfe har da kwaɗo. Duk itatuwan lambun a sake suke, ita kaɗai aka kulle. To me zai sa masu ilmi su kulle bishiya in ba sun san sharrinta ba?

Hajiya Uwa, gwaggon amarya, ita ta kawo saƙon da kanta. Ta ƙi zama a inuwar, sai da aka shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure.

"Malama, ba faɗa na zo ba. Amma ba za mu kawo Nana Khadija gidan nan ba sai an sare abar can."

Malama Kulu ta daɗe tana shugabancin makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya, har yau kuma in ta ji magana mara tushe hannunta neman jan biro yake yi. Bishiyar kuwa marigayi maigidanta ne, malamin dabbobi, ya kawo ta cikin gwangwanin madara daga bakin wani rafi a kudu, ya ce sunanta rahaina. Furenta ja ne kamar hanta, 'ya'yanta dogaye masu nauyi suna reto a jikin igiya. A gindinta yake zama da rediyonsa har Allah ya karɓi abinsa.

"Hajiya, a gindin nan na yaye 'ya'ya shida."

"Ai lokacin ba ta riƙa ba. Tunda ta fara sauko da waɗancan abubuwa, kin sake haihuwa?"

"Ina da shekara hamsin lokacin, Hajiya."

"To kin gani."

Saminu, jikan Malama Kulu, wanda shi ne angon, tuni ya yi magana da masu injin yankan itace. Ya durƙusa gabanta yana sosa ƙeya. "Tsohuwa, bishiya ce fa. Sai in dasa miki mangwaro."

"Kai tafi can, mijin banza. Kakanka bai taɓa yi mini tayin mangwaro ba. Miƙo wayar nan."

Ta gyara tabarau, ta buɗa hoton da yatsu biyu. Ta so a ce wata bishiya ce daban, amma rahaina ce, ganye da 'ya'ya duka. Shingen ma na gaske ne, kwaɗon kuma sabo. Maganar hana haihuwa ba ta dame ta ba, ta ji irinta a kan gwanda, ta ji a kan baƙar mage. Shingen ne ya tsaya mata a rai, don ba ta san dalilinsa ba, ita kuwa ba ta iya zama da abin da ba ta sani ba.

Ta ce, "Zan je in gani. In na tarar da dalili, da hannuna zan nuna musu inda za su sa injin. Amma da ke za mu, Hajiya. Ba na son a ce an ce."

Ranar Asabar da hantsi suka hau adaidaita sahu daga Ƙofar Wambai. Hajiya Uwa ta yi ta mita har suka fita badala, amma suna shiga lambun sai ta hau kalle-kalle. A Kabara aka haife ta, a Kabara ta tsufa, itacen da ta sani bai wuce darbejiya da durumin ƙofar masallaci ba. Ga shi nan kowace bishiya da allonta a wuya kamar 'yan makaranta ranar gasa. Malama Kulu tana karantawa, ita tana riƙe baki.

"Wannan ɗorawa ce."

"Ta daddawa? Ashe daddawa daga sama take saukowa!"

"Waccan kuma kaɗanya, mai man da kike shafawa a gwiwa."

Hajiya Uwa ta dafa jikin kaɗanyar kamar ta haɗu da wadda suka daɗe suna gaisawa ta waya. Ta tsinci ɗinya ta jefa a baki, ta tambayi ko giginya ce ke haifar muruci, ta tsaya ta ƙidaya ƙayar wata bishiyar da ko Malama Kulu ba ta taɓa gani ba. Har sai da aka tuna mata abin da ya kawo su.

Rahainar tana can ƙarshen lambun. Hajiya Uwa ta ja burki daga nesa, ta toshe hanci da mayafi.

"Matso mana, Hajiya. Ke yanzu me kike tsoron a hana ki?"

"Ke dai duba abinki."

Allon bai ce komai ba sai sunanta da Hausa da na masana. Malama Kulu ta zagaya shingen a hankali. Jikin bishiyar duk tabo ne, wani ya warke ya yi baƙi, wani ɗanye. Tabon ya fara daga ƙasa, ya tsaya daidai inda hannun mutum yake kaiwa, daga nan sama sumul. 'Ya'yan da ke ƙasa-ƙasa babu ko ɗaya, sai igiyoyinsu a yanke. A gefe guda kuma an lanƙwasa sandunan ƙarfe biyu, daidai shigar kafaɗa.

"Hajiya, zo ki gaya mini. Mai gudun abu yana lanƙwasa ƙarfe don ya isa gare shi?"

Kafin ta amsa sai ga wata mata ta ɓullo daga bayan ciyayi, da leshi mai tsada da makullin mota a yatsa, a ɗaya hannun kuma sanda ce an ɗaure wuƙa a bakinta.

"Sannunku iyaye. Don Allah ku ɗan tsaya mini ta nan, ku tare ni daga mai gadi."

"Me za ki yi da bishiyar, 'yar nan?" in ji Malama Kulu.

"Haihuwa mana, Baba. A jiƙa sassaƙen a sha. Matar wana shi ta sha, yanzu tagwaye take goyo."

Hajiya Uwa ta saki mayafin. "Haihuwa? Ba hanawa take yi ba?"

Matar ta dube ta sama da ƙasa. "Hanawa? Hajiya, daga wane gari kike?"

"Daga cikin birni."

"Ikon Allah."

Sai ga mai gadi a guje yana ɗaga hula. "Kai! Ku dai ba kwa ji! Kun kusa kashe ta, an kulle, har yanzu ba ku bar ta ba!" Matar ta cusa sandar cikin mayafi ta yi gaba abinta.

A hanyar dawowa, suna shigowa ƙofa, Hajiya Uwa ta juyo.

"Malama, ita taki ɗin, ba a taɓa sassaƙarta ba ko?"

"Ba a taɓa ba."

"Kin san Ma'u tawa ta daɗe a ɗaki shiru."

"Hajiya, ban ce tana bayarwa ba fa. Ki kai Ma'u asibiti, ita da mijinta."

"Ai da kunnena na ji."

"Na farkon ma da kunnenki kika ji."

Aka sallami masu injin. Aka kawo Nana Khadija, Hajiya Uwa ce ma ta sa aka shimfiɗa wa 'yan buɗar kai tabarma a gindin rahainar.

Ba a yi wata ba baƙi suka fara sallama. Daga Kabara, daga Sheshe, har daga unguwannin da Malama Kulu ba ta da kowa. Sai a gaishe ta, a yi mata ya ƙarfin jiki, a nemi izinin kewayawa, in ta leƙo sai ta ga an rage wa bishiyar fata. Ta yi bayani da Hausa, ta yi da misali, ta yi da faɗa. Suka ce Malama rowa take ji. Kafin ruwan fari gefe guda na ganyen ya fara rawaya.

Ta aika aka kira Salisu mai walda, ya kewaye ta da ƙarfe, ita ta riƙe makullin. Ranar suna a maƙwabta wata baƙuwa ta leƙo, ta ga bishiya a kulle, ta ɗaga waya ta ɗauki hoto.

Rahaina ba ta hana kowa haihuwa ba, ba ta kuma ba kowa ba. Ta kwaleji da ta Sheshe, duka an kulle su ne don kada mutane su kashe su da sassaƙa.