Tsatsar da Noreen Ta Wanke

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan labari, domin ba nawa ba ne. Na maƙwabciyata Noreen Yablonski ne, kuma ranar da ta ba ni shi ta saman shinge, kuka take yi. Daga baya ita da kanta ta ce in rubuta.

Noreen ta yi shekara tara ba ta kwana a gidan mahaifinta ba. Tana ʼyar shekara goma sha tara ta tafi Pittsburgh, bayan wata rigima tsakaninta da shi wadda su kansu sun manta mafarinta. Ko da mahaifiyarta Bernadette ta rasu, shekara uku da suka wuce, zuwa ta yi aka binne ta, ta juya a ranar. Sai da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da mahaifin nata, tsoho Casimir, a ƙofar gareji, sannan ta tattaro kayanta ta dawo garinsu Altoona.

Sati shida yana asibiti. Baki ya karkace, hannun dama ya mutu, amma taurin kan yana nan daram. Likita ta ce ko dai ya koma gida idan akwai mai kula da shi, ko a kai shi gidan tsofaffi. Noreen ta ce ga ta. Shi kuwa ya ce gara gidan tsofaffi. Ba ta yi fushi ba. Kullum tana zuwa ta zauna, ta yanka masa nama, shi kuma yana kallon taga. Sai wata ranar Litinin ya sauko, ya yarda ta zo ta ɗauke shi ranar Asabar. Har ya nuna mata aljihun rigarsa, ta zaro makullin ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidansu.

"Jiragena," ya ce, kalmomin suna fita da ƙyar. "Ki goge... sun yi dauɗa."

Akwai wata kalma a tsakiya da ta narke a bakinsa. Noreen ba ta ji ta ba, kuma ta ji nauyin sa shi ya maimaita.

Rabonta da ɗakin ƙasa tun tana ƙarama, lokacin da ƙananan jiragen ƙasa na wasa na mahaifinta suke zagaya tebur guda. Da ta kunna fitila sai ta tsaya cak. Gari ne sukutum ya cika ɗakin daga bango zuwa bango, da tsaunuka, da gadar ƙarfe, da mahaƙar kwal, da tasha mai mutane waɗanda ba su fi gaɓar yatsa ba. Amma jiragen, haba! Kowane kan jirgi ya yi baƙi da kunkunniya, tsatsa ta zubo masa ta gefe, ga farin tabo kamar inda ruwa ya bushe. Taragan ma haka. Tausayi ya kama ta. Wato tunda Mama ta rasu, babu mai ko kaɗe masa ƙura.

Ta hau sama ta ɗebo ruwan ɗumi, da sabulu, da tsohon burushin haƙori, da auduga, da sifirit. Kwana uku tana aiki. Ruwa ya yi ja ta zubar, ta sake ɗebo wani. Har waƙa take yi, abin da ta daɗe ba ta yi ba, domin wannan ne karo na farko da ya roƙe ta wani abu tun tana yarinya. Kawunan jirgi goma sha ɗaya ta jera a kan tawul, suna walƙiya, ga taragai talatin a bayansu.

Ranar Alhamis da la'asar aka buga ƙofa. Elwood Stutzman ne da Virgil Pruss, abokan mahaifinta masu kiransa Caz, waɗanda shekara talatin ke nan suna haɗuwa a ɗakin nan kowace Alhamis su tuƙa jirage. Elwood dogo ne siriri. Virgil gajere mai tumbi, yana rungume da tukunyar taliya da kabeji da matarsa ta aiko.

"Kai, ʼyar Caz! Sak uwarki," in ji Virgil. "Mun zo mu gwada layi, kada maigida ya dawo ya ce mun bar masa tasha ta mutu."

"Kai dai cin taliya ya kawo ka," in ji Elwood. "Duba tukunyar nan, ʼyata, rabi ce ta iso."

"Ɗanɗanawa na yi a mota, in ji ko gishiri ya ji."

"Tun daga gidanka har nan kana ɗanɗanawa?"

Noreen ta yi dariya ta karɓi tukunyar. "Kawu, ku sauko ku ga abin da na yi wa Baba."

Virgil ne a gaba, yana sauka yana surutu. A matakala ta ƙarshe maganar ta yanke. Elwood ya yi karo da bayansa.

"Matsa mana, buhun dankali, ka tsaya wa mutane a..."

Shi ma ya gani. Ya cire hularsa a hankali, ya riƙe ta a ƙirji.

"Ina jiragen Caz?" Virgil ya tambaya.

"Ga su nan, Kawu."

"A'a. Waɗannan sababbi ne."

"Su ne. Wanke su na yi."

Virgil ya zauna daɓas a kan matakala. "Wankewa. Elwood, ta ce wankewa."

"Na ji, ni ba kurma ba ne."

"Da me, ʼyar nan?"

"Da sabulu. Inda ya ƙi fita na sa sifirit."

"Sifirit! Wayyo Allah na."

Murmushin Noreen ya fara bushewa. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Shi ne ya ce in goge. Ya ce sun yi dauɗa."

"Ƙafafu," in ji Elwood. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ƙafafun jirgi yake nufi, da saman layi. Idan suka yi dauɗa wuta ba ta bi, jirgi ya riƙa tsayawa. Aikin minti ashirin ne da tsumma." Ya matsa kusa da tawul ɗin, bai taɓa komai ba. "Abin da kika wanke ba dauɗa ba ce. Tsufarwa muke ce mata. Jirgi daga kwali yake fitowa yana ƙyalli kamar abin wasan yara. Sai a zauna da garin alli da burushi mai siririn baki, a sa masa tsatsa inda ruwa ke bi, a sa masa toka inda hayaƙi ke sauka, har ya zama kamar ya yi shekara arba'in yana jan kwal. Kai ɗaya yakan ci wata guda."

Noreen ta dubi Elwood. "To Baba zai iya sake..." Sai ta tuna hannunsa da ya mutu.

"Caz?" in ji Virgil. "Caz ko katanga bai iya shafa wa fenti ba. Shi waya da layi ya sani."

"Rufe mana baki, Virgil."

"To wa ya yi?" in ji Noreen.

Su biyun suka dubi juna. Ta sake tambaya, wannan karon da ƙarfi, har ita kanta ta ji muryarta ta zama ta wata. Elwood ya sa hannu biyu ya ɗauki wani kan jirgi, ya kifa shi. A ƙarƙashi, tsakanin ƙafafun, akwai ɗan mitsitsin harafin B da farin fenti, da wata da shekara. Ta gan su duka lokacin da take wanki. Ta ɗauka tambarin kamfani ne.

"Kakanki a babban garejin jiragen garin nan ya yi aiki," in ji Elwood. "Uwarki tana yarinya ita ke kai masa abincin rana. Ta san inda tsatsa ke tsayawa a jikin jirgi kamar yadda ta san fuskarki. Bayan kin tafi ta fara saukowa nan. Tun daga Ohio mutane ke zuwa kallon aikinta."

"Na sha faɗa mata ta fesa maganin da ke kama alli," in ji Virgil, yana share ido da bayan hannu. "Ta ce yana kashe launi. Ta ce, wa zai taɓa?"

Noreen ta miƙa hannu ta kifa babban cikinsu, wanda ta fi shan wahalar wankewa, wanda ta fi alfahari da shi. Afrilu aka rubuta. Mama a watan Yuni na shekarar ta rasu.

"A kan gado ta yi wannan," in ji Elwood, "a kan tiren abinci, Caz yana riƙe mata fitila. Hannunta yana rawa. Ta ce rawar ma taimakon tsatsa take yi."

Bokitin ƙarshe yana nan a gindin tebur, ruwansa ja, ba ta kai ga zubarwa ba. Noreen ta tsura masa ido. Ta dubi faratanta, ga jan abin nan ya maƙale a ƙarƙashinsu. Kwana uku tana zuba aikin hannun mahaifiyarta a magudanar ruwa tana waƙa. Ta sulale ta zauna a ƙasa. Kuka ma ya ƙi zuwa. Bakinta kawai yake buɗe.

Virgil ne ya fara farfaɗowa. Ya miƙe ya tafa hannu. "To, ku saurara. Yau Alhamis. Ina da alli, ina da hotunan jiragen nan a wayata. Idan na fara gobe da ƙarfe takwas, kafin Asabar na rufe su duka. Mu rage hasken fitila, mu tura manyan can bayan tsauni. Mutumin da ya tashi daga ciwo, me zai gani?"

"Caz ne fa," in ji Elwood. "Ko ido ka ɗaure masa zai gane. Kai tsufarwarka kamar an jefa jirgi a kwata."

"Na ci lambar yabo!"

"Ku biyu kuka shiga gasar, ɗayan bai zo ba."

"To kai faɗi naka, Malam mai gaskiya. Ka je ka gaya masa, jininsa ya hau, mu kai shi kusa da Bernadette? Likita ba ta ce kada a tayar masa da hankali ba? Da ƙyar fa ya yarda da yarinyar nan. Yana ji, wallahi gidan tsofaffi zai ce a kai shi, ba zai sake kallon ta ba."

Elwood bai musa ba, kuma rashin musawar tasa ya fi komai tsorata Noreen. Ya mayar da hularsa, ya durƙusa da ƙyar a gabanta.

"Ubanki ne, ʼyata. Abin da kika ce shi za mu yi. Idan ɓoyewa ce, bakina ba zai buɗe ba."

"Ƙarfe takwas ina ƙofa," in ji Virgil daga matakala. "Ki ci taliyar nan, kin ji? Kada ki kwana da yunwa."

Washegari ƙarfe takwas saura, motar Virgil ta tsaya a ƙofar gida, akwatin alli a kujerar gaba. Ya tarar da Noreen a waje da rigar sanyinta, rungume da wani abu a naɗe cikin tawul.

"Kawu, na gode. Ka koma gida."

"Kin haukace? Ina za ki kai shi?"

"Idan ya dawo gobe, kullum zan riƙa saukar da shi ɗakin nan ina tsaye a bayansa ina jiran ranar da zai gane. Ba zan iya ba."

"Idan kuma ya ƙi dawowa fa?"

Ta shiga motarta.

Ta samu mahaifinta an zaunar da shi a kujera bakin taga, an yi masa aski. Ta gaishe shi, ta jawo ɗan teburin cin abinci gabansa, ta ajiye tawul ɗin ta buɗe. Hasken safiya ya bugi baƙin fentin, ya yi ƙyalli.

"Baba, ban ji abin da ka ce ba, kuma ban tambaya ba. Na ɗauka dauɗa ce. Ni na wanke."

Casimir ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga hannun hagu ya bi jikin jirgin da yatsa tun daga bututun hayaƙi har baya, ya duba yatsan, babu komai.

"Nawa?" ya ce.

"Goma sha ɗaya. Da taragai talatin."

Wani sauti ya fita daga maƙogwaronsa wanda Noreen ba ta taɓa ji a bakin mutum ba. Ta zabura za ta kira nas, ya ɗaga mata hannu. Ya juyar da fuskarsa ga taga.

Ta koma ta zauna. Bai kore ta ba, ita ma ba ta tashi ba. Aka zo aka auna jininsa, aka ce ya ɗan hau, aka fita. Rana ta tashi daga kan tebur ta koma bango. Da aka kawo abinci ta rufe jirgin da tawul, ta matsar da shi gefe, ta yanka masa nama ƙanana ƙanana. Ya ci loma uku ya ture.

Tana tattara faranti ya yi magana, idonsa har yanzu yana kan taga.

"Virgil... ya ce zai gyara?"

"Ya ce."

"Kada... ya taɓa."

"To, Baba."

Ta zaci ya gama. Ta ɗauki jakarta, ta rungumi tawul ɗin, ta kai bakin ƙofa.

"Gobe," ya ce. "Ƙarfe nawa?"

"Goma, Baba."

"Tara," ya ce.