Aljihu a Ɓangaren Dama

Wata bakwai ke nan da hawan jini ya kayar da Baba a gaban keken ɗinkinsa. Ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda. Hannun dama ne ya ƙi: yatsun na motsi, amma ba sa riƙe komai da ƙarfi. Shekara arba'in yana tela, yanzu ko maɓallin rigarsa sai Mama ta saka masa.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ke riƙe da shagon. Wata Laraba da la'asar ta shigo gida da ƙullin kaya, ta dire shi a tsakiyar falo, idonta ya yi ja.

"Lafiya?" in ji Mama.

"Ina fa lafiya. Rigunan ma'aikatan gidan burodi ne, guda goma sha takwas. A hagu suka ce in sa aljihu, na sa a dama. Duka. Asabar za su zo karɓa."

Baba ya miƙo hannun hagu ya ɗauki guda, ya duba.

"Ɗinkin ya yi kyau," ya ce. "Kan ne bai yi aiki ba."

"Na sani, Baba."

Ta zauna a ƙasa, ta ciro reza daga jaka, ta fara farke aljihun farko. Yadin fari ne, mara kauri. Ba ta kai rabi ba rezar ta zame, ta tsaga ƙirjin rigar tsawon ɗan yatsa. Auta ta ajiye, ta dafe kai.

"Wa ya koya miki kai reza kan irin wannan yadin?" Baba ya ɗaga murya. "Reza ta wando mai kauri ce. Ke, Mamansu, ɗauko min gwangwanin nan na saman kabad."

A cikin gwangwanin, ƙarƙashin tsofaffin maɓallai, akwai ɗan ƙaramin almakashi da abin farke ɗinki: ɗan ƙarfe mai baki biyu, ɗaya dogo mai tsini, ɗaya gajere mai jan ɗigo a kai. Nuna mata kawai ya yi niyyar yi. Ya gwada almakashin, babban yatsansa ya kasa buɗe shi. Ya ɗauki ɗan ƙarfen, mariƙinsa siriri kamar fensir, ya suɓuce ya faɗi. Auta ta miƙa masa, ya sake faɗuwa. Baba ya kau da kai.

"Ku kwashe," ya ce a hankali.

Mama ta taso. Ta tsince abin ta shiga ɗaki. Can sai ga ta ta fito, ta naɗe mariƙin da ƙyalle, ta bi shi da robar tsohuwar tayar keke, har ya yi kaurin muciya.

"Wannan kuma mene ne? Kulki?"

"Riƙe dai, Malam. In ya faɗi ni zan ɗauka."

Ya riƙe. Yatsun suka kewaye shi, bai faɗi ba. Ya daɗe yana kallon hannun nasa, sannan ya ce wa Auta ta shimfiɗa masa riga a kan faranti, a cinyarsa.

"Matso ki gani. Ba turawa ake yi kamar ana yanka ba. Tsinin za ki sa ƙarƙashin zare ɗaya, ki tsinke. Ki tsallake uku, ki tsinke na huɗu. Haka har ƙarshe." Ya tallafe hannun dama da na hagu. "Sai ki juya rigar, ki ja zaren baya."

Auta ta ja. Zaren ya taho gaba ɗaya, sul, aljihun ya rabu da rigar ba ko ƙwarzane.

"To ramukan allurar fa?"

"Yayyafa ruwa, ki murza da farce, ki bi da dutsen guga. Za su rufe."

Aljihu ɗaya ya ɗauke shi kusan rabin awa, gumi har ya jiƙa masa wuya. Auta ta ce ya huta ta ƙarasa. Ya harare ta.

"Ke je ki yanka sabon gaba wa wadda kika kashe. Waɗannan nawa ne."

Ranar ya farke uku. Alhamis bakwai, da hutawa a tsakani, Mama na shafa masa man zafi a wuyan hannu yana mita wai tana ɓata masa lokaci. Duk wadda ya gama, Auta ta kai shago ta ɗinka aljihun a hagu. Ranar Juma'a da la'asar ya tsinke zaren ƙarshe, har ya daina tallafe hannun sai in ya gaji.

Asabar da rana Auta ta dawo tana dariya tun daga ƙofa. Mai gidan burodin ya duba rigunan ɗaya bayan ɗaya, bai ga alamar komai ba, har ya ce za su kawo na sabon reshensu.

"Madalla," in ji Baba. Ya ɗaga abin farke ɗinkin. "Wannan bakin nasa ya fara dakushewa, jan zare yake maimakon ya yanke. Ki samo min sabo a kasuwa, ki duba mai jan ɗigon, shi ke kare yadi. Ki haɗo da wani mai babban baki saboda masu kauri."

"Waɗanne masu kauri kuma, Baba?"

"Ba ki ce akwai wanduna tara na ragewa da suka yi sati biyu a shago ba? Kawo su. Ni in farke, ke ki ɗinke."

Mama, da ke durƙushe tana tsince guntayen zare daga darduma, ta ɗago.

"Wato falona ya zama shago ke nan?"

"Ke kika naɗa kulkin," ya ce. "Sai ki nemo ƙyallen naɗa guda biyu."