Fuskar Direba

Ɗaso ta banko ƙofar da ƙafa, ko sallama ba ta yi ba, ta jefa wayarta a kan cinyar Ramlatu.

"Duba! Duba abin da 'yar kawunki ta yi miki."

Ramlatu ta ajiye burushin da ke hannunta ta ɗauki wayar. Hoton wani ƙaton allon talla ne a ƙofar wani zauren taro a unguwar Zahir. A jikin allon fuskarta ce, tata ta kanta, babu niƙabi babu ɗankwali, har da tabon da ya tsaga mata girar hagu. Ita ta zana fuskar da hannunta, a kwance kan wannan gadon. A ƙasa an rubuta da Larabci: baje kolin zane-zane don tunawa da shahararriyar mai zanen Meziko. "Ciwona", aikin Maha Talal. Yau bayan la'asar.

"Aikin wa?" in ji Ramlatu.

"Ai kin fi ni iya karatu. Na je kai wa masu shago zoɓo na ɗaga kai na gan ki a sama, kai ba ɗankwali, duk masu tasi suna kallo. Saura kaɗan kular ta suɓuce mini."

Ɗaso ƙawar marigayiya mahaifiyar Ramlatu ce. Tare suka zo aikin hajji daga Kano, tare suka ƙi komawa. A nan unguwar Hindawiyya aka haifi Ramlatu, a nan ta girma tana yi wa amare lalle, amma ba ta da takarda ko ɗaya da ke cewa tana duniya. Ita kuwa Maha, 'yar kawun nata, mahaifinta ya riga zuwa da daɗewa ya sami takardar ɗan ƙasa, don haka ta yi jami'a, ta sayi mota.

A cikin motar nan abin ya faru, shekarun baya. Maha ta ɗauko Ramlatu za ta kai ta gidan biki, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waya tana ɗaukar kanta hoto. Ɓangaren Ramlatu ne ya daki ƙarfen gada. Ba a kai ta asibiti ba. Maha ta yi ta kuka tana cewa asibiti za su kira 'yan sanda, 'yan sanda za su nemi iƙama, wato takardar zama, ai don rufin asirin Ramlatu take gudu. Aka kira mai ɗori gida. Ƙasusuwan suka haɗe a karkace, ƙafafun ba su sake ɗaukar ta ba.

Bayan nan Maha ta fara zuwa da kyaututtuka. Ta kawo wani littafi mai ɗauke da zane-zanen wata mata 'yar Meziko da ta daɗe da rasuwa, wadda ita ma haɗarin mota ya karairaya ta, aka kafa mata madubi a saman gado tana zana fuskarta. Ramlatu ta yi ta buɗe shafukan tana kallon matar mai haɗaɗɗiyar gira, wadda ba ta murmushi, ba ta kuma neman a tausaya mata. Ta sa Ɗaso ta ɗaure mata madubi a jikin ƙarfen taga. Hannun da ya saba da lalle bai sha wuyar fenti ba. Duk zanen da ya bushe sai Maha ta zo ta ɗauka, wai ɗakin ya yi ƙanƙanta, danshi zai ɓata su.

Wayar Ramlatu ta yi ƙara. Sunan Maha ne a kai.

"Habibti! Ya jiki?" Hausar Maha a karye take, Larabci ya cinye rabinta. "Zanen mota, kin gama? Halas? Direba zai zo bayan azahar. Ki ce wa Khala Ɗaso ta rufe da baƙin yadi, kar a buɗe."

"Ina za ki kai shi?"

"Ajiya, habibti, kamar kullum."

Ramlatu ta dubi zanen da ke jingine a bango. Shi ne mafi girma a cikin duk abin da ta yi. Ga mota a lanƙwashe jikin gada, ga ita a kwance kan kwalta, ga direba a bayan gilashi. Wurin fuskar direban fari ne fat, babu ido babu baki. Ta bar shi haka ne saboda zumunci. Ranar da Maha ta fara ganin sa ta yi ajiyar zuciya, ta ce wannan farin wurin shi ne ya fi komai kyau.

"Saura kaɗan," in ji Ramlatu. "Zai same ki a rufe."

Ta kashe wayar. "Inna, matso mini da shi. Ki miƙo mini ƙaramin burushin nan."

Ɗaso ta dubi farin wurin, ta dubi Ramlatu, ta dafe ƙirji. "Ke 'yar nan, me za ki yi?"

"Zan gama aikina. Kuma yau za ki kai ni Zahir."

"A'a wallahi! Wurin nan manya ne za su cika shi, da masu kyamara. Kika buɗe baki aka tambaye ki iƙama fa? Sai dai ki ji ki a jirgi an tasa ƙeyarki Najeriya. Wa kika sani a can? Ko hanyar gidan kakanki ba ki sani ba."

"Ta ɗauke mini ƙafafu na yi shiru, Inna. Yanzu ta rataye fuskata a titi ta sa sunanta a ƙasa. Me ya rage da za a kora?"

Ɗaso ta yi tsaki, ta yi ta mita, amma ta jawo zanen. Har shayin madara ta ɗumama mata.

Ramlatu ba ta buƙaci hoto ba. Ta san fuskar nan tun tana da majina. Ta fara da idanu, ta sa su suna kallon waya, ba hanya ba. Ta fitar da siririn hancin, da tawadar Allah da ke ƙarƙashin leɓe, da murmushin da Maha ke yi in za ta ɗauki hoto, baki a ɗan karkace. Ta ƙara hannu riƙe da waya mai jan murfi. A kusurwar ƙasa, inda ba ta taɓa rubuta komai ba, ta rubuta sunanta da ƙananan baƙaƙe. Ɗaso ta tsaya da mafici tana fifita fentin.

"Innalillahi," ta ce. "Kamar ta yi magana."

Direba ya zo ya ɗauki zanen a naɗe. Da aka idar da la'asar, matan maƙwabta suka taimaka aka ɗora Ramlatu a keken guragu da Ɗaso ta samo a unguwar Jarwal, irin wanda alhazai ke bari in sun gama ɗawafi. Mai tasi ya yi ƙorafin keken zai ƙarce masa but, Ɗaso ta zazzage masa Larabcin kasuwa har ya yi shiru.

Zauren ya cika da sanyin na'ura da ƙamshin turaren wuta. A bakin shiga an jera kwafin zane-zanen matar Meziko, mutane suna tsayawa gaban haɗaɗɗiyar girar suna ɗaukar hoto. Ana sayar da jakunkuna da kofuna masu fuskarta. Ramlatu ta ce a ranta, ke ma ashe ba su bar ki kin huta ba. Amma ko a jikin kofi, sunan matar ne a rubuce.

Suka kutsa ciki, su biyu cikin niƙabi, ba wanda ya kula da su. Sai ga bango guda cike da Ramlatu. Ramlatu da ƙusoshi a gwiwa. Ramlatu da lalle yana zuba daga idanunta. Ramlatu tana kallon hasumiyar agogo ta tagar da ba ta wuce faɗin faranti ba. A ƙarƙashin kowanne, sunan Maha.

Ita kuwa Maha tana tsaye a tsakiya, ta jera jajayen furanni a saman mayafinta, ta haɗe girarta da kwalli. Kusa da ita babban zanen ne, lulluɓe da baƙin yadi.

"Kalli girar," Ɗaso ta raɗa. "Kamar an ja wa akuya layi."

Maha ta karɓi lasifika ta yi jawabi da Larabci mai santsi. Ta ce matar Meziko ta koya mata cewa mace tana iya mayar da ciwonta launi. Ta ce wannan fuskar da suke gani ba ta kowa ba ce, ta ƙirƙiro ta ne daga cikin zuciyarta. Ta ce zane na ƙarshe labarin wata baiwar Allah ce da wani direba marar imani ya nakasa.

"Na bar shi babu fuska," ta ce, muryarta tana rawa daidai gwargwado, "domin azzalumi ba shi da fuska a duniya. Allah ya tona asirinsa."

"Amin!" in ji zauren. Ta Ɗaso ta fi ta kowa ƙarfi.

Maha ta ja yadin, idonta a kan kyamarori, tana murmushin nan mai karkataccen baki. Tafin da aka fara ya mutu a hanya. Mutane suka dubi zanen, suka dube ta, suka sake duban zanen. Wata mata a gaba ta nuna ƙarƙashin leɓenta ta zunguri ƙawarta. Wayoyi suka ƙara ɗagawa sama.

Sai a lokacin Maha ta juya. Lasifikar ta faɗi ƙasa ta yi ƙara.

"Tura ni, Inna."

Keken ya ratsa mutane yana ƙugi har gaban zanen. Ramlatu ta ɗaga niƙabinta ta mayar da shi baya. Ga tabon a girar hagu, ga irinsa a bango, an maimaita shi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Ni ce wadda ta ƙirƙiro daga zuciyarta," ta faɗa da Larabcin Hindawiyya, a sarari yadda na baya za su ji. "Sunana Ramlatu. Ni na zana su duka, a kwance. Wancan kuma shi ne direban."

Maha ta sunkuyo kanta, fure ɗaya ya zame ya rataye a kunnenta. Ta koma Hausa don kar a ji.

"Kin haukace? Ni na rufa miki asiri! Ni na saya fenti, ni na saya komai! Ke ba ki da suna a ƙasar nan, wa zai rataye zane babu suna?"

"Duba ƙasa, habibti. Na sa."

Wata 'yar jarida ta cusa waya tsakaninsu tana tambayar Maha ko gaskiya ne ita ke tuƙi. Wata ta miƙa mata biro da takarda, ta ce ta zana ko da ido ɗaya ne a gani. Maha ta ture hannun, ta tattare abayarta ta nufi ƙofar baya, kyamarori na biye da ita.

Ramlatu ta jingina da keken. Ta daɗe tana ƙiyasta yadda wannan lokaci zai yi daɗi, kuma ya yi. Mata suka kewaye ta suna mashallah, wata dattijuwa ta sumbaci goshinta. Wani ma'aikacin zauren ya fara ɓamɓare ƙananan allunan da ke ɗauke da sunan Maha.

"To, an gama," Ɗaso ta raɗa mata, ta riga ta juya keken. "Mu ɓace tun hankali bai dawo kanmu ba."

Ba su kai ƙofa ba wani mutum ya sha gabansu. Dogo ne, cikin farar jallabiya da guga ta kwanta a jikinta, da kati rataye a wuya wanda ya juya baya. Bai yi tafi ba ɗazu, bai kuma ɗaga waya ba. Ya yi sallama cikin ladabi, ya ɗan rusuna daidai tsayin keken.

"Ke ce mai waɗannan zane-zanen?"

Ɗaso ta matse kafaɗar Ramlatu har sai da ta ji zafi. Ramlatu ta waiwaya ta dubi bangon, inda yanzu babu sunan kowa sai nata a kusurwar zane ɗaya.

"Ni ce."

"Madalla. Akwai masu son magana da ke, a kan zanen da kuma a kan haɗarin." Ya miƙo hannu, tafin a buɗe. "Ba ni iƙamarki tukuna."