Abin da ke Cin Rini

A marinar Gwange, ruwan kwata ba ya kwana da launi ɗaya. Yau ja, gobe shuɗi, jibi baƙi ƙirin, haka yake gangarawa kogin Ngadda inda yara ke wanka. A lakar wannan kwata Mu'mina, 'yar Ba Ya'akubu marini, ta gano wasu ƙwayoyin bakteriya tun tana jami'a. In ta zuba su a ruwan rini, sai su cinye launin, ruwan ya washe.

Da ambaliya ta ci unguwar, wasu suka ɗauki tufafi, ita kuwa kwalaben da take renon ƙwayoyin a ciki ta ɗora a ka, ruwa har ƙirji. Ambaliyar ta wanke kwatar tas. Mu'mina ta sake ɗibar laka ba adadi, ba ta ƙara samun irinsu ba. Abin da ke cikin kwalaben nan shi kaɗai ya rage.

Ta nemi marina su ba ta wurin haƙa rami ta zuba ƙwayoyin, ruwansu ya riƙa bi ta ciki kafin ya kai kogi. Ba'ana, shugabansu, ya ɗaga hannayensa shuɗaye.

"'Yar boko, me kika ce suna yi?"

"Cinye rini, Baba."

"A marina? Gobe ma kawo mana gara mu ajiye a rumbu!"

Aka tuntsire da dariya. Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta jera kwalaben a inuwar randar gidansu, tana ciyar da su da ragowar ruwan rinin mahaifinta.

Ana nan sai shaddar wani biki ta koɗe a hannun Ba Ya'akubu. Kowa ya nuna gidansa da baki, wai kwalaben 'yarsa ne suka ci rinin.

"Rinin da kuka sayo ne jabu," in ji Mu'mina a gaban dattawa. "Ku tuhumi idonku, ba kwalabena ba."

Da ta dawo daga kasuwa ta tarar da mahaifinta tsugune gaban randa, gwangwanin soda mai ƙuna ta aikin rini a gefensa, ya juye ta a kwalaben, suna tafasa.

"Mamana," ya ce, bai dube ta ba, "da waɗannan mutanen zan zauna har a binne ni."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauraye kwalba ɗaya, ta ɗauki cokali, ta ratsa ta tsakiyar marina, kai a ɗage. Ta tsuguna bakin kwatar da ta riga ta san babu komai a cikinta. Ranar ja ne ruwan.