Kofunan Gilas a Durowa

"Wannan 'yar taku dai, kullum ƙofa ce ke buge ta."

Mai kemis ɗin layinmu ce ta faɗa wa Gwaggo haka, tana ƙulla mata maganin hawan jini. Ina tsaye a bayansu, ba su ma lura da ni ba. Yayata take nufi, wadda ke aure a can ƙarshen gari, wai duk zuwanta gida sai ta biyo ta sayi man zafi. Gwaggo ta yi dariya ta ce ai tun tana ƙarama rawar kai gare ta. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙaya.

Lokacin ina zuwa lesin saboda jarrabawar da na faɗi. Malamin adabinmu, Wa-ke-magana muke ce masa, don ba ya yarda ka ce waƙa ta yi daɗi ka yi shiru.

"Daɗi ba amsa ba ne," in ji shi. "Wa ke magana? Da wa yake? A ina yake tsaye? Me ya faru kafin ya buɗe baki?"

Ban taɓa ɗaga hannu a ajinsa ba, amma ina ji.

Ran Asabar Yaya ta zo wuni da 'yarta. Umma na guga a falo, Gwaggo ta miƙe ƙafa a kan tabarma, fanka na ta kaɗa iska mai zafi. Yaya ce mai tsara waƙa a gidanmu tun tana makaranta, sai Gwaggo ta fara tsokanarta.

"Ke, auren ne ya cinye bakin? Ko mijin naki Manaja ya saye waƙoƙin duka ya kulle a ofis?"

Yaya ta ce akwai wata sabuwa, amma ba ta da daɗi. Aka matsa mata. Ta rera a hankali, idonta a kan kitson 'yarta:

In na ji kukan motarka a kwana,
Sai in kashe rediyo, in kau da kujera,
In kwashe kofunan gilas in sa a durowa,
In tura yarinya gidan maƙwabta,
In tsaya a ƙofar baya ina jira.

Gwaggo ta tafa hannu. "Kai, Manaja ya dace! Har yarinya ake korewa don a sha hira!"

"Allah ya shirye ki, a gaban yara?" Umma ta ce, tana dariya. Ta juyo gare ni. "Auta, kin ji yadda ake tarbar miji. Ki koya, ba ki zauna kina zare ido kamar mujiya ba."

Na yi murmushi don kar a ce wani abu. Amma tambayoyin malam sun riga sun taso mini, na kasa danne su. Mace ce ke magana, da mijinta. Ba ta ce ta yi kwalliya ba, ba ta ce ta kawo ruwa ba. Duk abin da zai iya fashewa ta kawar. Kuma mai murnar dawowar mutum ƙofar gaba take zuwa. Ita wannan a ta baya take tsaye, inda ake fita.

Wayar Yaya ta yi ƙara. Ta zabura har kwanon man kitso ya kife.

"Na'am. E, mun gama. Wallahi mun gama, yanzu za mu fito."

Ta shiga ɗakinmu ɗauko mayafi, na bi ta. Rigar jikinta mai dogon hannu ce, a wannan zafin. Ta sunkuya ɗaukar jaka, sai na ga ta dafe haƙarƙari ta ciji leɓe.

Na san in na tambaya ta ce e, ban san inda zan kai maganar ba. Baba ba ya rufe baki da yabon surukinsa. Ni kuma a gidan nan ko gishiri na ce ya yi yawa, dariya ake yi.

Aka danna hon a waje, aka sake dannawa, dogo.

"Matsa mana, Auta, kin tare hanya."

Ban matsa ba. Na mayar da ƙofar na jingina da ita.

"Yaya," na ce, "dukanki yake yi?"