Barumen da Bai Bar Bakin Rijiya Ba

Matata Mero ta rasu ta bar mini abu biyu: gidan da ya yi mini yawa, da ƙaninta Salihu, wanda ƙarfinsa ya yi wa hankalinsa yawa.

A ranin 1953 samarinmu na Mabai suka haɗu da na Pauwa a farauta. Salihu ya jefi barewa da sanda ya karya mata ƙafa, wani Bilya na Pauwa ya riga shi dafe ta. Kowa ya ce tasa ce, aka koma gora. Kafin a raba su Salihu ya sha rotse, barewa kuwa ta mutu ba yanka. Ta zama mushe, karnuka suka cinye rabon jarumai biyu.

Da shekara ta zagayo aka buga gangar farauta, sai na tarar da Salihu a zaurena yana wasa wuƙa. Na san inda za ta kai shi: ko kushewa, ko gidan yari a Katsina.

Na ce, "Wa za a yi wa aski?"

Ya ce, "Malam, ai ka san mai gashin."

"Zamna in ba ka labarin wani Barume, sojan tsohuwar daular Rum."

"Kai da Rumawanka! Su ma sun san farauta?"

Amma ya zauna. Na ce sunansa Marinu, shugaban sojoji ɗari. Aka sa shi tsaron rijiya ɗaya tilo a hamada, runduna na tafe a baya, ƙishi na kashe ta. Sai barden abokan gaba ya fito yana zaginsa har iyaye, ya jefe shi da dutse ya fasa masa goshi. Kowa ya san Marinu ya fi shi ƙarfi. Amma ya hango mutane a bayan tudu riƙe da mushen jaki, suna jira ya matsa su jefa a rijiyar. Ya kafe a wurin, jini na bin gemunsa, har runduna ta iso ta sha ruwa.

Salihu ya ce, "To, ya rama?"

"Ruwa aka aike shi tsaro, ba goshinsa ba."

"Matsoraci ne kawai."

"Matsoraci gudu yake yi, wanga tsayawa ya yi. Kai bara mi ka tahi nema a daji, nama ko Bilya?"

Ya soke wuƙarsa a kube ya fita.

Na karanta duk tarihin Rumawa da ya taɓa zuwa hannuna, babu Marinu a ciki. Amma in ba su haife shi ba, sakacinsu ne.

Ban je daji ba, waɗanda suka je ne suka ba ni labari. A dajin da ke tsakaninmu da Faskari karnuka suka tayar da barewa, Salihu ya kayar da ita. Kamar an rubuta, sai ga Bilya ya riƙe ƙafar baya yana kirari.

"Sai ni mai tsaga kan Mabai! Ka zo a ƙara maka tsaga, ɗan Malam?"

Salihu ya zare wuƙa. Mutane suka ja baya, wasu suka ɗaga gora. Barewa na shure-shure, numfashinta na ƙarewa. Ya dubi Bilya, ya dube ta, sannan ya durƙusa ya juya ta alƙibla, ya yi bisimilla ya yanka.

Ya ce, "Riƙe da kyau, tunda riƙo ka iya."

Aka fashe da dariya, har mutanen Pauwa. Bilya ya rasa abokin faɗa, ga shi riƙe da ƙafa kamar yaron mahauci. Salihu ya fiɗe, ya yanke wannan cinyar ya bar masa a hannu.

Da la'asar ya shigo zaurena da ƙafafunsa, kansa lafiya lau, ya ajiye mini hanta a ganye.

Ya ce, "Malam, wai Barumen nan, yaya ya ƙare?"

Na ce, "Ya tsufa a gidansu."

"Shi ke nan?"

"Jeka maƙabarta ka tambayi masu zafin zuciya ko abu ne mai sauƙi. Miƙo gishiri."